Katako a Ƙarƙashin Dunduniya

Taubashina ya dawo daga Kaduna da gajeren wando, da kuma labarin wai mu mutanen ƙauye ba mu iya tsugunne ba. Shekararsa hamsin da ɗaya a lokacin, na girme shi da damina guda. Ɗan kawuna ne, yayan mahaifiyata, a akushi ɗaya muka ci tuwo a Gubuchi tun ba mu san wanke hannu ba. Tuƙin mota ya kai shi birni, ya yi shekaru yana jan wani mai hali zuwa gidan motsa jiki. Da zaman jira a mota ya ishe shi sai ya fara leƙawa ciki, daga leƙe kuwa sai cuta ta kama shi. Da ya bar aikin sai ya tare a Ikara, ya kama wani tsohon gareji, ya cika gwangwanayen fenti da siminti ya soka musu ƙarfe, wai shi ma ya buɗe nasa.

A wajen wani suna a garin Taba ya fara yi mana wannan abin kunya. Ana zaune a gindin dalbejiya ana cin waina, sai ya miƙe ya ce a samo masa katako. Aka ɗauko wani guntun da ake dafa ƙofa da shi, kaurinsa bai fi yatsu biyu ba. Ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya ɗora dugadugansa a kai, yatsunsa na ƙasa, ya rungume jarkar ruwa a ƙirji. Sai ya fara sauka a hankali, bayansa a miƙe, gwiwoyinsa na yin gaba, har ya kusa taɓa ƙasa, sannan ya taso yana huci. Ya yi haka sau goma yana ƙirgawa da Turanci. Da ya gama ya share gumi ya yi mana bayani, wai ɗaga dunduniyar nan shi ke sa nauyi ya sauka a gaban cinya, kuma wanda idon sawunsa ya sandare zai iya kaiwa ƙasa ba tare da ya kife ba. Wai da wannan ake gina ƙarfin ƙafa.

Abin da bai lura da shi ba, rabin mutanen da yake wa wa'azin a tsugune suke. Wani dattijo mai noman rake, wanda tun da aka sauke faranti bai motsa daga tsugunnensa ba, ya ɗaga kai da waina a hannu ya ce, "Ɗan nan, yi mini haƙuri in gama cin wannan in tashi, sai ka koya mini yadda ake tsugunawa."

Wurin ya kwashe da dariya, tawa kuwa ta fi ta kowa. Na ce, "Kai taubashi, Allah ya shirye ka! An sayar da kare an sayi biri, ashe tsugunne ba ta ƙare ba. Mun tura ka birni ka koyo abin kirki, ka dawo mana da abin da akuya ma ba a koya mata." Na ce masa in ƙarfin cinya yake nema ya bi mu fadama lokacin saran rake, ya ɗauki dami ɗaya daga gona zuwa bakin titi. Na ce da furfura a gemunsa yana yawo da ƙwauri a waje, ko kunyar surukai ba ya ji. Duk na faɗa, kuma har gobe ban janye ko ɗaya ba, don gajeren wandon nan abin Allah wadai ne.

Sai dai ina wannan dariya ne daga kan kujerar roba, ita kaɗai ce a wurin, ni kuma na riga kowa cafke ta.

Gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce, shekara huɗu ke nan rabona da tsugunne. Aikin ofis nake yi a Makarfi, kusan shekara talatin ina kan kujera. Daga kujerar ofis sai ta mota, daga ta mota sai ta falo, har bayan gida na sa aka yi mini na zama. Tumbi ya fito, cinya ta saki, idon sawu ya ƙame. Sallah ina yin ta, in dafa ƙasa da hannu in sauka, in dafa in tashi. Amma in sauka a kan ƙafafuna biyu in tsaya a nan, hannu a kan gwiwa, wannan ya gagare ni. Da na kai rabi sai in ji ana ja na ta baya.

Wani zai ce to mene ne, ai ba farilla ba ne. A gidan Kawu kusan farilla ne. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara biyar, Kawu ya ɗauko ni ya haɗa da 'ya'yansa, ya koya mini karatu, kuma shi ya tsaya kai da fata sai an sa ni boko lokacin da dangi ke cewa za a lalata maraya. Malami ne, manomi ne, ba ya son hayaniya, amma yana da ƙa'ida. Namiji in ya shigo zaurensa tsugunawa yake yi ya gaishe shi. Ba a durƙusa masa, yana cewa gwiwa biyu a ƙasa ta Allah ce. Ba a kuma zama sai ya ce a zauna, gaisuwarsa kuwa doguwa ce, sai ya tambayi mutum har kajin gidansa.

Ranar da na fara gaishe shi a tsaye, wata ƙaramar Sallah ce. Na cire takalmi a ƙofa, na shiga, na gwada sauka na ji ba za ta yiwu ba, sai na ranƙwafa kawai na ce, "Barka da Sallah, Kawu." Ya dube ni tun daga hula har ƙafa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Sai ya juya wajen wani magidanci cikin masu ɗaukar karatu a wurinsa ya ce, "A aro wa mai ofis kujera a maƙwabta." Ya dawo gare ni ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe."

Mutumin da tun ina yaro ba ya kira na da komai sai "ɗana", shi ne ya ce mini ranka ya daɗe. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Tun daga ranar duk zuwan da zan yi sai an aro kujerar nan, wata shuɗiya mai karyayyen hannu, a dasa ta a tsakiyar zaure. In zauna a sama, malamai da dattawa suna ƙasa a kan tabarma, Kawu na tambayata lafiyar gwamnati.

Me ya hana ni in gaya masa gaskiya? Girman kai, ba wani abu ba, amma ba irin wanda yake zato ba. Ta ina zan fara gaya wa tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya, wanda har lokacin a tsugune yake alwala, cewa ni da ya goya na kasa? Na gwammace ya ɗauke ni mai ɗagawa da ya ɗauke ni lusari. Ka ji wauta irin ta ɗan boko.

Ranar sunan nan na Taba, da aka watse, taubashina ya tare ni a jikin mota. Ya ce, "Kai ka fi kowa dariya, kuma kai kaɗai ne a kan kujera."

Na ce, "Kujera ai ta manya ce, bawana."

Ya ce, "Baba yana zaton raina shi ka yi. Ni na san ƙafa ce. Na ga yadda kake shiga mota."

Na ce ya kama gabansa kafin in tara masa jama'a. Ya tafi yana kaɗa gorar ruwansa. Sai da na isa gida na buɗe bayan mota na tarar da guntun katakon nan a ciki, ɗan banza ya sato na mutane ya jefa mini. Na yi tsaki na wurgar da shi bayan ɗaki. Mai ɗakina ta tsince shi ta sa a ƙarƙashin randa, ya yi wata biyu a nan yana aikin da ya dace da shi.

Da kaka ta yi aka aiko mini Kawu ba ya jin daɗi, idonsa kuma ya yi rauni ƙwarai. Na je. Na same shi ya rame, yana gane mutane da murya. Da na yi sallama ya amsa, na ɗauka ciwo ya sa ya manta da zancen. Sai na ji ya ce, "Mai ofis ne? A aro kujera." A hanyar komawa Makarfi na tsayar da mota wajen masu dafa mazarƙwaila, na daɗe ina kallon hayaƙi ba tare da na sayi komai ba. Tsoro ne ya kama ni, na ga tsohon nan zai iya tafiya yana ce mini ranka ya daɗe.

Washegari bayan asuba na janye katakon daga ƙarƙashin randa, na shiga ɗaki na sa sakata. Na ɗora dugadugai, na kama ƙarfen taga da hannu biyu, na ce bismillah na fara sauka. Gwiwoyina suka yi ƙara kamar ana karya rake. Daga tsakar gida mai ɗakina ta ce, "Malam, lafiya? Me ya karye?" Na ce ta ji da kokonta. Sau uku na yi ranar, na ukun ma taga ce ta tashe ni. Kwana biyu ina tafiya ina tale ƙafa, a ofis na ce musu basir ne, don na ga ya fi mutunci.

Amma abin haushi, abin yana aiki. Da dunduniya a sama, jan da ake yi mini ta baya ya ɓace. Bayan sati uku na saki taga. Bayan wata ɗaya ina yin goma. Na tsani kowane ɗaya daga cikinsu, na kuma tsani wanda ya kawo su, amma na lura ina hawa matakalar ofis ba na neman bango.

Da gwiwar hagu ta fara yi mini zafi, dole na tafi Ikara. Kai, na ga abin mamaki a garejin nan! Ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda iyayensu ke can suna neman mai taya su ɗibar tumatir, sun taru suna ɗaga siminti suna ajiyewa inda suka ɗauke shi. An kafa wani fasasshen madubi a bango, kowa na kallon kansa yana cije baki. Taubashina na tsakiya da usur a wuya. Da ya gan ni sai ya washe baki ya ce, "Maraba da sarkin kujera!" Na ce ya rufe mini baki, wucewa nake yi.

Ya ja ni bayan garejin inda ba kowa, ya ce in yi ya gani. Na yi. Ya ce gwiwata tana faɗawa ciki, in riƙa tura ta tana bin saitin yatsu. Ya ce ina faɗawa ƙasa kamar buhu, in riƙa sauka a hankali ina ƙirga uku, ƙirji a sama. Na gyara, zafin kuwa ya tafi, ban gode masa ba. Da zan tafi ya ƙara da cewa, "Katakon nan fa ba aurensa za ka yi ba. In ƙafa ta yi ƙarfi ka nemi wanda bai kai shi kauri ba, daga nan ka koma kan kwali, har ka iya a ƙasa. Idon sawu ba ya sakin jiki da gaggawa."

Na ce, "Ɗan Gubuchi za ka koya wa tsugunne sau biyu? Wanda ka yi ma ya isa."

Ni ina da tawa dabarar. Wata safiya na shirya zan fita, sanye da takalmina sau-ciki na ofis, mai tudun dunduniya, sai makulli ya faɗi. Ban yi tunani ba na tsuguna na ɗauka. Ina ƙasa na ankara, ashe tudun takalmin ya yi mini aikin katako. Na tashi na sake, na sake, har da sakin hannu. Na ce alhamdu lillahi, boko bai faɗi ƙasa banza ba. Me zan yi da kwali? Na ƙara sati biyu ina yi da takalmi, ina duba agogo, har na kai ina iya minti biyar a tsugune, don na san tsawon gaisuwar Kawu.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko na kama hanyar Gubuchi. Na sa babbar riga, na sa aka goge takalmin nan har yana ɗaukar ido. A hanya ina ta tsara yadda za a yi, in shiga, in sauka a hankali gaban kowa, in ji abin da tsoho zai ce. Na tarar da zaure cike, har da taubashina, ya zo duba mahaifinsa, ya sa dogon wando don ya san inda ya zo.

A bakin ƙofa na ga takalma jere, silifa da fade da na roba, sun fi ashirin. Nan gabana ya faɗi. Shekara arba'in da wani abu ina cire takalmi a wannan dokin ƙofa, ƙafata ke yi ba tare da ta shawarce ni ba, shi ya sa ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Duk lissafin da na yi, na yi shi ne da abin da ba ya shiga zauren Kawu. Shiga da takalmi kuwa, gara a yi ta aro kujera har tashin kiyama.

Na riga na yi sallama, an amsa, ba damar juyawa. Na cire su. Taubashina ya dubi ƙafata ya dubi fuskata, ya gane, ya girgiza mini kai a hankali. Wannan girgiza kan ne ya ƙarasa ni, na ce yau ko ni ko shi. Na taka har gaban buzun Kawu, na ji ya fara cewa, "Mai ofis ne? A aro..." Ban bari ya ƙarasa ba na fara sauka, ƙirji a sama, ina ƙirga uku. Cinya ta riƙe, ba laifinta. Dugadugaina ne suka tafi neman katako ba su samu ba. Na yi ƙoƙarin komawa kan yatsu, tumbi ya ce bai san zancen ba. Sai ji kake tim! Na zube ta baya, ƙafafu a sama, hula ta yi nata wuri, babbar riga ta rufe mini fuska.

Ba wanda ya yi dariya, wannan ya fi ciwo. Ina jin wani dattijo yana ta maimaita subhanallahi.

Kawu ya ce, "Wane ne ya faɗi?"

Na yaye riga daga fuskata na ce, "Ni ne, Kawu."

"Me ya kayar da kai?"

A nan kwance, gaban mutum ashirin, ban ga sauran abin da zan ɓoye ba. Na ce, "Tsugunne nake so in yi maka, Kawu. Ƙafar ce ta ƙi. Ta daɗe da ƙi."

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun Sallar nan da aka fara aro kujera."

Ya ce, "Shekara huɗu ka bar ni ina ɗaukar alhakinka. Bakin naka ma sandarewa ya yi?"

Taubashina ya matso ya tsuguna, a ƙasa sumul ba katako, munafuki, ya yi wa mahaifinsa bayani a taƙaice. Ya ce na yi wata biyu ina fama, kuma ina iyawa in an ɗan tokare mini dunduniya. Na zaci Kawu zai ce wannan wane irin shirme ne, don ni da kaina abin da zan ce ke nan. Sai na ga ya miƙa hannu yana lalube a gefen buzu. Takalmansa yake nema, su kaɗai ne ke kwana a cikin zauren, wasu tsofaffi masu kaurin ƙasa da aka yanka daga tayar mota, da su yake zuwa fadama tun ina yaro. Ya turo su gabana ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Taka."

Na ce, "Kawu, takalminka? Ni?" A gidan nan ko tsallake su ba ma yi, in za a kawar da su da hannu biyu ake ɗauka.

Ya ce, "Na ce taka. Ka zo gaishe ni, ba ka gaishe ni ba tukuna."

Na tashi, na gyara riga, na bar hular inda take. Na juya takalman a gicciye na ɗora dugadugaina a kansu, idona ya cika da ƙwalla ban damu da wanda ya gani ba. Na sauka a hankali har ƙasa, na tsaya cak, na ɗora hannu a gwiwa na ce, "Barka da Juma'a, Kawu. Ya jiki?"

Ya amsa, sannan ya fara. Ya tambayi mai ɗakina, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya har da na aure, ya tambayi maƙwabcina da aka yi wa aikin ido, ya tambayi masarar da na shuka a bayan gari. Minti biyar ɗina suka wuce tun muna kan yara. Cinyoyina suka ɗauki wuta, ina hango taubashina ta gefen ido yana motsa leɓe, wai ƙirga mini yake yi, Allah ya isa.

Ana cikin haka magidancin nan ya shigo rungume da shuɗiyar kujera, don shi tun da ya ji an ce a aro ya fita. Kawu ya ji ƙarar ƙafarta a ƙasa ya ce, "Mece ce wannan?" Aka ce kujera ce. Ya ce, "Mayar musu da abinsu, ka ce mun gode. Ɗana ne ya zo."

Bai ce in zauna ba. Ya juyo ya ci gaba da tambayata ko akuyar da ya ba ni bara ta haihu, ni kuwa ƙafafuna na rawa a kan takalmansa, ina addu'a kada ya yi saurin gamawa.